Babi na Shida: Doro da Ƙusumbi a Shekarun Balaga

Babu wata gaɓa a jikin ɗan Adam da ido ke gaggawar yanke mata hukunci kamar gadon baya, domin ciwon hanta ko na ƙoda a ɓoye suke, ba a saninsu sai likita ya bincika, amma baya in ya ranƙwafa kowa ya gani, tun daga uwar da ta goya yaro har baƙon da ya gifta shi a hanya, kuma kowanensu yana da fatawar da zai bayar game da sababin abin. Duk wanda ya zauna a bakin kasuwar Achida ranar cinta, yana kallon samarin da ke shigowa daga ƙauyukan Wurno da Rabah da Goronyo, wasu na sauke buhunan albasa da tafarnuwa, wasu na koro awaki da tumaki, da wuya ya tashi bai ga wani ba wanda kafaɗunsa suka faɗo gaba, wuyansa ya miƙa, tsakiyar bayansa ta yi tudu. In ya tambayi dattijon da ke kusa da shi zai ce masa ɗaukar kaya ce tun da ƙuruciya. Wani ya ce gado ne, haka kakansa yake. Wata tsohuwa ta ce faɗuwa ya yi daga goyo. Wani kuma ya rage murya ya ce iska ce ko sammu. Shi kuwa uban yaron, galibi lalaci ya ɗauki abin, saboda haka safe da yamma maganarsa guda ce: "Kai yaro, miƙe bayanka!"

A ƙarƙashin wannan siffa guda da ido ke gani akwai manyan illoli uku mabambanta, waɗanda asalinsu daban, hatsarinsu daban, maganinsu ma daban. Ta farko ɗabi'a ce kawai, motsa jiki ya ishe ta. Ta biyu tawaya ce a yadda ƙashi ke girma, tana da ƙayyadadden lokacin gyara, wanda in ya wuce ya wuce ke nan. Ta uku kuwa ƙwayar tarin fuka ce ke cin ƙashin, wadda in aka bar ta tana iya zaunar da yaro ƙasa har ƙarshen rayuwarsa, alhali maganinta kyauta ne a asibitin gwamnati. Mafi yawan asarar da ake yi a ƙasarmu tana zuwa ne daga haɗa ukun nan a yi musu kuɗin goro, a yi wa mai tarin fukan ƙashi faɗan lalaci, a kai mai tawayar girma wurin maɗori, har shekarun da gyara ke yiwuwa a cikinsu su shuɗe.

Yadda aka gina gadon baya

Kafin a san abin da ya karkace, wajibi ne a san yadda daidai take. Gadon baya jerin ƙananan ƙasusuwa ne 33, ɗaya bisa ɗaya: 7 a wuya, 12 a sashen ƙirji inda haƙarƙari ke kamawa, 5 a tsatso, sa'an nan 5 da suka manne da juna a ƙugu, da 4 ƙanana a can ƙarshe. Tsakanin kowane biyu na sama akwai faifan guringuntsi mai taushi da ke shanye girgiza, a bayansu kuma akwai kafa wadda laka ke bi ta cikinta tun daga ƙwaƙwalwa, tana aika umarni zuwa ga ƙafafu da mafitsara da hanji. Daga cikin hikimar Mahalicci, wannan ginshiƙi bai miƙe sak ba: in aka dube shi ta gefe, wuya da tsatso sun lanƙwashe zuwa gaba, sashen ƙirji kuwa ya lanƙwashe zuwa baya, kuma da wannan lanƙwasa ne kai ke zama daidai bisa ƙugu ba tare da tsokoki sun wahala ba. Ashe kowane mai lafiya yana da ɗan doro gwargwado.

Tambaya ita ce, ina iyakar wannan gwargwado? Likitoci ba sa dogara da ido a nan, sai su ɗauki hoton ƙashi ta gefe yaro yana tsaye, su ja layi a saman ƙashin da lanƙwasar ta faro, su ja wani a ƙarƙashin wanda ta ƙare, su auna kusurwar da ke tsakani, bisa hanyar da wani likitan Amurka, John Cobb, ya bayyana a 1948. Tsakanin digiri 20 da 40 lafiya ce, wasu sukan ɗaga zuwa 45. Abin da ya haura haka shi ne doron da ake magana a kai. Dalilin da ya sa shekarun balaga suka zama mahaɗar al'amarin kuwa shi ne, a saman kowane ƙashi da ƙarƙashinsa akwai shimfiɗar guringuntsi inda tsawo ke ƙaruwa, kuma tana aiki da gaggawa ne daga wajen shekara 10 zuwa 14 ga 'yan mata, 12 zuwa 16 ga samari, daga nan sai ta daskare ta zama ƙashi, girma ya tsaya.

Doron ɗabi'a

Wannan shi ne mafi yawa, kuma mafi sauƙi. Ƙasusuwan lafiya lau suke, tsokokin baya ne suka saki saboda yaro ya saba da sunkuyo: almajirin da ya wuni da allo bisa cinya, ɗalibin da makarantarsa ba ta da benci yana rubutu a ƙasa, saurayin da idonsa ba ya barin waya, da yaron da ya yi tsawo farat ɗaya ya fi tsaransa, yana jin nauyin ficewa a cikinsu. Ga 'yan mata akwai ƙarin wani sababi da iyaye mata suka sani, wato kunyar da ke zuwa lokacin da ƙirji ya fara fitowa, yarinya ta riƙa tattaro kafaɗu gaba don ta suturta abin da bai saba da idon mutane ba.

Gane shi bai buƙatar na'ura. A sa yaro ya kwanta rub da ciki a kan tabarma, ya ɗaga kansa da ƙirjinsa. In tudun ya baje, bayan ya shimfiɗe, to, doron ɗabi'a ne. Haka kuma in ya tsaya aka ce ya miƙe ya miƙe sarai ba tare da zafi ba. Maganinsa shi ne ƙarfafa tsokokin baya da na ciki, da buɗe ƙirji, da yawan tashi daga zama ɗaya, kuma masu gashin ƙashi na asibiti suna koyar da irin wannan motsa jiki cikin zama kaɗan. Faɗa da zagi ba sa ƙara masa komai, illa su sa mai kunya ya ƙara sunkuyar da kai.

Tawayar girman ƙashi

Amma akwai yaron da in an ce ya miƙe sai ya yi iyakar ƙoƙarinsa, ya ja kafaɗu baya, ya turo ciki gaba, tudun kuwa yana nan bai motsa ba. Wannan yaro shi ne aka fi zalunta, domin ana tuhumarsa da taurin kai a kan abin da ba ya cikin ikonsa. Wanda ya fara bayyana illarsa filla-filla shi ne Holger Scheuermann, likitan ƙasar Danmak, a shekara ta 1920, bayan da ya duba hotunan ƙashin samari waɗanda da yawansu yaran gona ne masu aikin ƙarfi, kuma da sunansa ake kiran cutar har yau. Abin da ya gani shi ne, gefen gaba na wasu ƙasusuwan sashen ƙirji bai yi tsawo daidai da gefen baya ba. Magini ya san abin da wannan ke haifarwa: in aka jera bulo uku ko huɗu a ginshiƙi, kowanne gabansa ya gaza bayansa kauri, ginshiƙin dole ya sunkuya, kuma babu turin da zai miƙar da shi tun da aibin yana jikin bulon. A 1964 wani ɗan ƙasarsa, Sorensen, ya ajiye sharaɗin da likitoci ke aiki da shi, wato a sami ƙashi uku a jere, kowanne ya tsuke ta gaba da digiri 5 ko fiye.

Game da sababinta, likitoci ba su yi ittifaƙi a kan abu guda ba, sai dai hujja ta fi rinjaya zuwa ga gado. Wani bincike da aka yi a kan dubban tagwaye a Danmak, aka buga a 2006, ya sami cutar a wajen mutum 3 cikin 100, ya kuma ƙiyasta cewa kashi 74 cikin 100 na sababinta daga jini yake. Dattijon da ya ce haka kakansa yake, ashe bai yi nisa da gaskiya ba. Wanda ya ce ɗaukar kaya ce shi ma yana da ɗan rabo, domin akwai nau'in da ke kama ƙasa-ƙasa, mahaɗar ƙirji da tsatso, wanda aka fi gani ga samari masu ɗaga nauyi tun ƙashinsu bai ƙosa ba, kuma ya fi ciwo. Wannan abin lura ne ga ƙasa irin tamu ta fadamar gulbin Rima, inda tun da aka gina madatsar ruwa ta Goronyo noman rani ya ƙara bunƙasa, yaro ɗan shekara 13 yana wuni a duƙe wajen dashen albasa da shinkafa, da yamma kuma a aza masa buhu. Aikin gona ba shi ke ƙirƙirar cutar ga wanda ba ya ɗauke da asalinta ba, amma ga wanda ta riga ta bayyana gare shi, rage masa nauyi a shekarun girma adalci ne.

Alamominta sanannu ne ga mai lura. Tana bayyana a hankali a farkon balaga. Yaro yakan yi kukan gajiya ko ciwo a ƙololuwar tudun bayan dogon zama ko aiki, ya sami sauƙi in ya kwanta. Tsatsonsa yakan shige ciki fiye da ƙima don ya rama sunkuyon sama. Jijiyoyin bayan cinya sukan ɗaure har ya kasa taɓa yatsun ƙafa. Kuma kusan ɗaya cikin uku suna haɗawa da 'yar karkata zuwa gefe. In ya yi ruku'u aka dube shi ta gefe, maimakon bayan ya shimfiɗe sai a ga ya karye a tsakiya ya yi kusurwa. Duk da haka lafiyarsa ƙalau, yana cin abinci, ba zazzaɓi, ba rama. Ƙarshenta ma galibi ba abin firgita ba ne: a jihar Ayowa ta Amurka an bi mutum 67 masu wannan doro har kimanin shekara 32, aka buga sakamakon a 1993, aka tarar sun fi sauran mutane ciwon baya, sun fi karkata ga sana'o'i marasa nauyi, amma ba su gaza wajen karatu ko zuwa aiki ba, numfashi kuwa bai takura ba sai ga wanda lanƙwasarsa ta haura digiri 100.

Tarin fukan ƙashin baya

Nan ne inda al'amarin ƙasarmu ya sha bamban da na Turai, kuma nan ne ya kamata mai karatu ya tattara hankalinsa. Littattafan da aka rubuta a ƙasashen da tarin fuka ya yi ƙaranci sukan ambaci wannan nau'i a gurguje, amma Nijeriya tana cikin ƙasashen duniya da cutar ta fi yawa, ita ce ma kan gaba a Afirka, saboda haka duk ƙusumbin da ya fito wa yaro a Achida ko Gandi ko Shinaka, hankali ya wajabta a fara zarginta kafin waninta. Cutar tsohuwa ce ƙwarai, an sami alamarta a gawawwakin mutanen Masar na dā da aka adana. Buƙraɗu, likitan Yunanawa, ya lura cewa masu ƙusumbin sama sukan kasance da ƙulluwa a huhu. Percivall Pott na Landan ya bayyana dangantakar ƙusumbin da shanyewar ƙafafu a 1779. Sa'an nan Robert Koch na Jamus ya gano ƙwayar kanta a 1882.

Ƙwayar takan shiga ta numfashi daga babban da ke tari a ɗaki ɗaya da yaro, wani jinsinta kuma ta nonon saniya mai cutar wanda ba a tafasa ba. Daga huhu sai ta bi jini, ta sauka a gefen gaba na ƙashin baya, ta ci ƙashi biyu maƙwabta tare da faifan da ke tsakaninsu, har su rufta ƙarƙashin nauyin jiki. Shi ya sa ƙusumbinta ya saɓa wa doron da muka ambata: ƙulli ne mai tsini a wuri guda, wanda yatsa ke iya nunawa, kuma in aka ƙwanƙwasa shi yaro ya zabura. Kusan rabin dukan tarin fukan da ke kama ƙashi a gadon baya yake sauka. Abin da ya fi ruɗar iyaye shi ne, sau da yawa yaron ba ya tari ko kaɗan, to, da likita ya ambaci tarin fuka sai uba ya ce: "Likita, ai yaron nan bai taɓa tari ba." Alamomin da za a nema su ne ciwon baya mai tayar da yaro daga barci, zazzaɓin maraice, gumin dare, rama, ƙin abinci, da taurin baya, har in abu ya faɗi ƙasa sai ya durƙusa da gwiwa ya ɗauka, yana dafa cinya wajen tashi. Wani lokaci mugunya takan taru ba tare da zafi ko ja ba, ta gangara ta cikin tsoka ta ɓullo a kwiɓi ko a matsematsi, nesa da inda cutar take, sai a kira wanzami ya yi sakiya, a sami miki mai tsiyaya wata da watanni.

Babban hatsari shi ne mugunyar nan ko ƙashin da ya rufta su danne laka. Farkonsa yaro ya riƙa tuntuɓe, takalmi na suɓuce masa, ƙafafu su yi nauyi ko su mutu da sanyi-sanyi, daga bisani fitsari ya ƙwace ko ya ƙi fita. Duk ranar da aka ga ɗaya daga cikin waɗannan, ba a jiran ranar kasuwa, ba a jiran a sayar da albasa. A ranar ake kama hanyar Sakkwato, wadda daga Achida ba ta kai tafiyar awa guda a mota ba, domin lakar da aka sauke wa nauyi da wuri takan farfaɗo, wadda ta daɗe a danne kuwa ba lalle ba ne.

Akwai kuma nau'i na huɗu, mai ƙaranci, inda ake haihuwar jariri da ƙashi ɗaya da bai cika halitta ba. Shi ma yana barazana ga laka, rigar ɗaurin baya ba ta gyara shi, aikin likitan tiyata ne tun yaro yana ƙarami.

Magani

Neman magani ba baƙon abu ba ne ga wannan yanki. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, wanda ya kafa ribaɗin Wurno, ya rasu a can a 1837 kuma a can kabarinsa yake, ya wallafa littattafai a kan ilmin magani, daga cikinsu akwai Almawaridun Nabawiyya, da wata risala a kan basur, kuma malamanmu sun daɗe da tabbatar da cewa riƙo da sababi ba ya warware tawakkali. Likitocin Musulmi na farko ma sun san cewa ƙusumbi iri-iri ne: Azzahrawi na Andalus, wanda ya rasu wajen 1013, ya rarrabe a littafinsa Attasrif tsakanin wanda faɗuwa ko duka ya haddasa da wanda ya taso tun yarinta, ya kuma yanke cewa na biyun babu dabarar mayar da shi. A zamaninsa gaskiya ya faɗa. Abin da ya sauya hukuncin shi ne hoton ƙashi, wanda aka gano a 1895, da magungunan kashe ƙwayar cuta, da tiyatar zamani.

Maɗoranmu suna da gwaninta wadda ba mai musunta wajen karayar hannu da ƙafa, amma gadon baya ba fagensu ba ne, kuma maɗori mai tsoron Allah shi ne wanda zai faɗi haka da bakinsa. Doron Scheuermann ba gocewa ba ce balle a mayar, danna shi wahala ce kawai. Ƙusumbin tarin fuka kuwa ƙashi ne ruɓaɓɓe kusa da laka, wanda taka shi ko ja da ƙarfi yana iya gurgunta yaron da ya shigo da ƙafafunsa. Tsaga da ƙaho da lalas ba sa isa inda cutar take.

Ga tarin fukan ƙashi, magani ƙwayoyi ne, iri huɗu na wata 2, sa'an nan iri biyu na wata 10, jimla wata 12, kuma shirin gwamnati na yaƙi da tarin fuka da kuturta yana bayar da su kyauta. Ɗaya daga cikinsu yana mayar da fitsari ja, wannan ba abin tsoro ba ne. Gwaje-gwajen da majalisar binciken magunguna ta Birtaniya ta gudanar tun daga shekarun 1960 a Koriya da Hong Kong da Bulawayo da Madras sun nuna cewa ƙwayoyin kaɗai suna warkar da mafi yawan marasa lafiya ba tare da wuƙa ba. Sai dai akwai sharuɗɗa biyu. Na farko, kada a daina sha don yaro ya ji sauƙi a wata na uku, domin ƙwayar da ta tsira takan dawo da ƙarfin da maganin farko ba ya karya shi. Na biyu, a sani cewa magani yana kashe ƙwaya ne, ba ya tayar da ƙashin da ya riga ya rufta, kuma ga wasu yara ƙusumbin yakan ci gaba da ƙaruwa bayan warkewa muddin suna girma, saboda haka a riƙa komawa ana aunawa har girma ya tsaya. Wajibi ne kuma a gwada mutanen gidan, a nemo wanda ya harbi yaron.

Ga doron Scheuermann, hukunci yana bin awo da shekaru. In bai kai digiri 50 zuwa 60 ba, motsa jiki da sassauta jijiyoyin cinya da sake hoto lokaci-lokaci sun wadatar. In yana tsakanin wajen 50 da 75, kuma hoton ƙugu ya nuna akwai sauran girma, sai a auna wa yaro rigar ɗaurin baya ta roba mai tauri, wadda asalinta ya komo ga wadda likitoci Blount da Schmidt suka ƙera a birnin Milwaukee a 1946. Aikinta shi ne ta ɗauke nauyi daga gefen gaba na ƙasusuwan don su sami damar ƙara tsawo, kuma ana sa ta awa 16 zuwa 23 kullum, har shekara ɗaya ko biyu. Ba za a ɓoye ba, wannan jarrabawa ce babba a bazarar Sakkwato, lokacin da zafi ke haura digiri 40. Sai an sa singiletin auduga a ƙarƙashi, ana duba fata saboda ƙuraje, kuma sai gida duka sun mara wa yaro baya, in ba haka ba rigar ta ƙare a rataye. Wajen salla kuwa shari'a ta sauƙaƙa, mai uzuri yana ruku'u da sujada gwargwadon ikonsa. Bayan an cire rigar wani sashe na gyaran yakan koma, amma galibi takan hana abin yin muni. Ga wanda ƙashinsa ya riga ya ƙosa, rigar ba ta da fa'ida wajen miƙarwa, kuma wannan shi ne ma'anar wucewar lokaci.

Tiyata ta waɗanda suka haura digiri 70 zuwa 75 ce, in ciwo ya ƙi jin magani, ko lanƙwasar tana ƙaruwa, ko laka ta shiga hatsari. Ana ɗaura sukurori a ƙasusuwan, a haɗa su da sandunan ƙarfe biyu, a miƙar da bayan zuwa gwargwadon lafiya, a bar ƙasusuwan su manne. Aiki ne mai nauyi, kuɗinsa miliyoyin naira, yana kuma da hatsarin zubar jini da shigar ƙwayar cuta, da taɓuwar laka nadiran, saboda haka ba a yin sa don kyan tsayuwa kawai sai bayan dogon shawara. Hanyar da aka saba bi ita ce daga babban asibitin Wurno ko Rabah ko Goronyo zuwa asibitin koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ko asibitin ƙashi na Wamakko, in abin ya fi ƙarfinsu sai asibitin ƙashi na Dala a Kano, wanda aka buɗe a 1959 zamanin Firimiya Ahmadu Bello, ɗan Rabah. A Gana kuma akwai asibitin FOCOS kusa da Akra, wanda Farfesa Oheneba Boachie-Adjei ya kafa aka buɗe a 2012, ya shahara wajen gyaran ƙusumbi mai tsanani, inda akan rataya wa yaro nauyi ta zoben da aka kafa a kansa makonni ko watanni, don bayansa ya saki a hankali kafin a yi aiki.

Haƙƙin da ke kan kowa

Tun da dukan al'amarin ya rataya ne ga ganewa da wuri, nauyin yana kan waɗanda ke ganin bayan yaro kullum. Uba da malamin allo suna tsaye bayan sahun yara sau biyar a yini, ruku'u kaɗai ya isa ya nuna musu wanda bayansa ya karye a tsakiya. Uwa kuwa ita kaɗai ke da ikon duba 'yarta, domin daga lokacin da yarinya ta fara sa hijabi babu mai ganin bayanta, kuma sau da yawa ba a farga ba sai ana shirin aure, lokacin ƙashi ya riga ya ƙosa. Duba ɗaya a kowane wata shida tsakanin shekara 10 da 15 ba zai gagari kowa ba. Tambayoyi uku ne za a yi: shin tudun yana bajewa in ya kwanta? Shin akwai zazzaɓi ko rama ko ciwon dare? Shin ƙafafu da fitsari lafiya? Amsar ta farko ita ke nuna ko ana buƙatar hoto, ta biyu ko ana buƙatar gwajin tarin fuka, ta uku ko za a kwana a gida.

Saura haƙƙin harshe. Yaro mai doro yakan jure ciwon baya fiye da yadda yake jure laƙabin da tsaransa suka liƙa masa, wasu har sukan bar makaranta saboda shi, alhali Suratul Hujurati ta yi hani bayyananne ga izgili da jifan juna da munanan laƙubba. Doron Scheuermann ba ya yaɗuwa, ba ya taɓa hankali, ba ya hana aure ko haihuwa, kuma wanda ya kammala maganin tarin fuka ba ya harbin kowa. Malamin da ya hana zolaya a makarantarsa ya taimaka wa likita, domin yaron da ba ya tsoron dariya shi ne zai yarda ya sa rigarsa ya fita da ita.

A babi na gaba za mu juya ga karkatar baya zuwa gefe, wadda mai tsanani daga cikinta ta fi kama 'yan mata, da yadda ake gane ta daga tsayin kafaɗu da tudun haƙarƙari.